BABI NA UKU: BUNƘASAR NOMAN RANI A ƘASAR YAWURI BAYAN GINA MADATSAR RUWA TA KAINJI

3.0 GABATARWA

A babi na biyu an kawo taƙaitaccen tarihin masarautar Yawuri da al'ummomin da ke zaune a cikinta. A wannan babi kuwa za a dubi yadda noman rani ya bunƙasa a ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga na Jihar Kebbi, tun daga shekarar 1968 da tafkin Kainji ya cika har zuwa 2024. Za a yi ƙoƙarin amsa tambayoyi uku, wato me ya jawo bunƙasar, me ta haifar, kuma a ina ta tsaya. Abin da ake nufi da bunƙasa a nan shi ne matsa wa ƙaramin fili da aiki da taki da ban-ruwa har ya ba da amfani sau biyu ko uku a shekara, saɓanin faɗaɗa gona ta hanyar saran daji.

Ra'ayin da babin ke son tabbatarwa shi ne, manoman bakin tafki sun sami ƙaruwa ta haƙiƙa, kuma mafi yawanta da ƙoƙarin kansu suka same ta. Sai dai duk matakin da suka taka na ci gaba ya ƙara fitar da ragamar noman daga hannunsu, ya miƙa ta ga masu sakin ruwa a madatsa, da masu yanke farashin man fetur da taki, da masu sayen amfani a kasuwannin nesa.

3.1 NOMA A ƘASAR YAWURI KAFIN GINA MADATSA

Ƙasar Yawuri tana gefen kogin Kwara ne, a kudancin Jihar Kebbi, kuma takan sami ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, daga watan Mayu zuwa Oktoba. Tun kafin zuwan Turawa kowace al'umma ta yankin tana da muhallin da ta ƙware a kansa. Kambari, waɗanda suka fi yawa a ƙasar Ngaski, manoman tudu ne masu noman dawa da gero, sukan nome wuri na wasu shekaru sannan su bar shi ya huta. Shangawa suna bakin kogi ta wajen arewa, suna haɗa noma da su. Sarkawa, waɗanda asalinsu daga ƙasar Kabi ne, masunta ne. Gungawa kuwa, waɗanda ke kiran kansu Bareshe, su ne mazauna tsibiran kogin, daga kalmar "gungu" ma sunan ya samo asali.

A wajen Gungawa ne aka fara ganin irin noman da wannan babi ke magana a kai. Tsibiri ba ya faɗaɗa, don haka wanda ke zaune a kansa tilas ne ya koyi cin moriyar kowane taki na ƙasa. Zaman tsibiri ya ƙara ƙarfi a ƙarni na 19, lokacin da rigingimun sarauta da hare-haren Nagwamatsawan Kwantagora suka hana mutane sakewa a tudu. Mahdi Adamu (1968) ya yi bayanin wannan zamani a kundin digirinsa na biyu. Ita kanta fadar Yawuri sai da ta bar Birnin Yawuri ta koma tsibirin Ikum, kafin Sarki Abdullahi Abarshi ya zauna a Yelwa a 1888.

Abin da ya taimaki wannan noma shi ne halin kogin Kwara, wanda ke cika sau biyu a shekara. Cikar farko ita ce ta farin ruwa, daga watan Agusta zuwa Oktoba, mai ɗauke da laka daga ruwan saman yankin Sakkwato da maƙwabtansa. Ta biyu ita ce ta baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga tsaunukan ƙasar Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun ƙasar Mali, sannan ya iso nan tsakanin Disamba da Fabrairu. Ke nan farin ruwa yakan bar wa manomi laka mai taki, baƙin ruwa kuma ya kawo masa ruwa kusa da lambunsa a tsakiyar rani. A kan wannan ƙasa Gungawa ke yin fangulan albasa, suna ɗibar ruwa da ƙwarya suna zubawa. A damina kuma su noma shinkafa da gero da dawa.

Akwai shaida a rubuce cewa wannan noma ya daɗe. Richard Lander da ƙanensa John, waɗanda suka zo Yawuri a 1830, sun ambaci albasa da alkama da taba da baba da shinkafa mai yawa a cikin amfanin gonar ƙasar. Haka kuma Yawuri tana kan hanyar fataken goro da ke tafiya daga Kano zuwa Gwanja, saboda haka mai abin sayarwa bai rasa mai saye ba. Iyakar noman a wancan lokaci ita ce ƙarfin hannu. Yawan fangulan da gida zai iya shayarwa ya dogara ne ga yawan majiya ƙarfin da ke cikin gandun.

3.2 GINA MADATSA DA TASHIN MUTANE

An fara aikin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da taimakon rancen Bankin Duniya. An toshe kogin a 1968, sannan Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a watan Fabrairu na 1969. Babban maƙasudin ginin shi ne samar da wutar lantarki. Tafkin da ya taru a bayanta ya kai tsawon kimanin kilomita 136, da faɗin murabba'in kilomita kusan 1,270, ya kuma miƙo har Yelwa.

Ruwan ya tashi mutane kimanin 44,000 daga ƙauyuka da unguwanni 239, aka sake tsugunar da su a sababbin matsugunai 141 a ƙasashen Yawuri da Borgu da Kwantagora. Tsohon garin Bussa ya nutse, haka ma babban tsibirin Foge da wasu tsibiran da dama. Idan aka kwatanta da madatsar Akosombo ta Gana, wadda ta tashi kimanin mutum 80,000, ko ta Kariba a kogin Zambezi mai kimanin 57,000, adadin Kainji bai kai nasu ba. Sai dai ga Bagunge asarar ta wuce ta gida. Hukumar madatsun kogin Kwara ta gina wa mutane gidajen siminti masu rufin asbesto, amma dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta tanadi diyya ne a kan abin da aka gina ko aka shuka, ba a kan ƙasar ita kanta ba. Lakar da kakanni suka gada ta koma ƙarƙashin ruwa, aka bar mutanen tsibiri a kan jigawa da tsakuwa.

Bugu da ƙari, tafiyar ruwan ta canza. Tafkin yakan fara cika a watan Agusta ko Satumba, ya zauna a cike har wajen Fabrairu ko Maris, sannan ya riƙa ja da baya har damina ta yi nisa. Tsakanin cikarsa da janyewarsa akwai bambancin kusan mita 10 a tsaye. A inda gaɓar ba ta da tsauni, wannan na nufin ruwa zai yi nisa da lambu ƙwarai tun amfanin bai nuna ba. Mai ƙwarya ba zai iya bin sa ba.

3.3 DALILAN BUNƘASAR NOMAN RANI

3.3.1 Ƙarancin Ƙasa Mai Kyau da Ƙaruwar Jama'a

Wata masaniyar tattalin arziki 'yar ƙasar Denmak mai suna Ester Boserup (1965) ta kawo ra'ayin cewa manomi ba ya barin noman sassauci ya koma mai wahala sai ƙasa ta yi masa ƙaranci. Abin da ya faru a bakin tafkin Kainji ya yi daidai da wannan ra'ayi, sai dai a nan ƙarancin ya zo ne a shekara guda. Bayan waɗanda aka tasa, baƙi sun kwararo. Kifin tafkin ya yi yawa a shekarun farko, har kamun ya kai kimanin tan 28,000 a 1971, abin da ya jawo masunta daga Kabi da Nijar da Mali da wasu wurare. Da kifin ya ja baya zuwa ƙasa da tan 5,000 a ƙarshen shekarun 1970, da yawa daga cikinsu sun haɗa su da noma. Farin da aka yi a 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, ya ƙara turo manoma da makiyaya daga arewa zuwa inda ruwa ba ya ƙafewa. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomin uku sun haɗa mutane kimanin 350,000.

Shi kansa janyewar ruwan da ya cuci mai ƙwarya ya buɗe wata sabuwar ƙasa. Duk shekara tafkin yakan bar fili mai danshi a gefensa, inda ake shuka masara da shinkafa da dankali da wake ba tare da jiran ruwan sama ba.

3.3.2 Injin Ban-ruwa

Idan za a zaɓi abu ɗaya da ya canza noman wannan yanki, to ƙaramin injin ban-ruwa mai shan fetur ne. Ya fara yaɗuwa daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980. Amfaninsa ga mazaunin bakin tafki a fili yake. Mutum ɗaya ko biyu na iya ɗaukarsa, ana iya ɗora shi a kwale-kwale ko a bayan babur, kuma in ruwa ya ja sai a matsa da shi gaba a ƙara tiyo. Abin da gandu guda ke yini yana shayarwa da ƙwarya, injin zai gama shi cikin ɗan lokaci. Wolf Roder (1994), wanda ya yi nazarin manoman rani na yankin tun farkon cikar tafkin, ya nuna rawar da waɗannan ƙananan injina suka taka wajen farfaɗowar mutanen da aka tasa.

Ya kamata a lura cewa Gungawa sun riga sun san rainon iri da dashe da gyaran fangali. Injin ya tarar da gwaninta ne a ƙasa, ya ƙara mata ƙarfi. Wannan ya bambanta da abin da ya faru a Bakolori ta ƙasar Talatar Mafara, inda gwamnati ta gina madatsa da manyan hanyoyin ruwa, ta karɓe gonaki don ta daidaita su, har rikicin diyya ya kai ga kashe manoma a watan Afrilu na 1980. A Yawuri manomi shi ya sayi injinsa, shi ke zaɓar abin da zai shuka da lokacin da zai shuka.

3.3.3 Manufofin Gwamnati

Gwamnatoci daban-daban sun taimaka, ko da yake ba Yawuri suka nufa kai tsaye ba. Shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 da na Juyin Noma na 1980 sun saukaka takin zamani, domin a wancan lokaci gwamnati ke ɗaukar fiye da rabin kuɗinsa. Man fetur ma yana da arha, kwabo 20 ake sayar da lita a 1982. Hana shigo da shinkafa a 1985 da alkama a 1987 ya ɗaga darajar ta gida. Hukumar raya aikin gona ta tsohuwar Jihar Sakkwato, da wadda ta gaje ta bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, wato KARDA, sun yaɗa injina da ƙananan rijiyoyin fadama. Shirin Fadama na ƙasa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga farkon shekarun 1990, ya ɗora a kan wannan, ta yadda har wanda ke nesa da tafki a kwarin kogin Malendo da sauran rafuka ya sami damar noman rani.

Mataki na baya-bayan nan shi ne na shinkafa. A ranar 17 ga Nuwamba, 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya, wato Anchor Borrowers, a Birnin Kebbi. A ƙarƙashinsa an riƙa ba manomi iri da taki da magani da inji, ya biya da shinkafa bayan girbi. A Disamba 2016 shinkafar haɗin gwiwar jihohin Legas da Kebbi ta shiga kasuwa, a 2017 aka buɗe babban kamfanin sarrafa shinkafa a Argungu, sannan daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu. Waɗannan duka sun sa shinkafar rani, musamman iri mai saurin nuna kamar Faro 44, ta mamaye fadamu da yawa.

3.3.4 Kasuwa da Hanya

Ba a matsa wa ƙasa don abin da ba shi da mai saye. Babbar hanyar mota da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Jega da Koko da Yelwa zuwa Kwantagora da kudancin ƙasar nan ita ce ta haɗa lambun Yawuri da tukunyar Ibadan da Legas. Tafkin shi ma ya zama hanya, domin jiragen ruwa masu inji suna kwaso kaya daga ƙauyukan gaɓa zuwa kasuwannin Yelwa da Wara. Yayin da biranen kudu ke ƙara cika, bukatar albasa da tattasai da barkono da shinkafa sai ƙaruwa take yi.

3.4 SAKAMAKON BUNƘASAR

Sakamako na farko shi ne rani ya daina zama lokacin zaman banza. A da matasa kan tafi ci-rani bayan kaka, amma da lambu ya yalwata sai yankin ya zama mai karɓar 'yan ci-rani. Sana'o'i da dama sun tsiro a gefen noman: masu gyaran inji, da masu sayar da fetur a galan, da dillalai, da masu ɗinkin buhu, da 'yan dako, da direbobi. Mata sun sami abin yi wajen turara shinkafa da sussuka da sayar da lawashi da gabu. Rufin kwano da babura da kujerun Makka da ake gani a ƙauyukan gaɓa, mafi yawansu daga albasa da shinkafa da kifi suka fito.

Na biyu, tsarin gandu ya yi rauni. Tun da inji ya maye gurbin hannaye da yawa, saurayi mai ɗan jari na iya ware lambunsa ba tare da jiran mai gida ba. Gayya ta ragu, ƙwadago ya ƙaru. Ƙasar bakin ruwa, wadda a da ake bayarwa aro, ta zama abin haya da jingina da sayarwa. Daga nan sai bambanci ya fito tsakanin mai inji da marar inji. Marar jari yakan karɓi fetur da taki daga hannun ɗan kasuwa bisa sharaɗin zai sayar masa da amfanin a lokacin girbi, wato lokacin da farashi ya fi faɗuwa.

Na uku ya shafi harshe da al'ada, wanda shi ne ya fi kusa da fagen nazarin Hausa. Frank Salamone (1974) ya yi nazarin yadda Gungawa ke rikiɗewa su zama Hausawa, abin da ya fara tun kafin madatsa. Tashi daga tsibiri ya gaggauta wannan. Wanda a da ruwa ya kewaye shi da 'yan'uwansa, yanzu ga shi a bakin hanya, yana ciniki da dillali da direba da malamin gona, kuma duk da Hausa ake yi. Saboda haka yara da yawa a sababbin matsugunai sun fi sakin baki da Hausa a kan harshen Tsureshe. Ita ma Hausar yankin ta ƙaru da kalmomin aro irin su inji da tiyo da galan da yuriya da hekta.

Na huɗu shi ne rikici a kan gefen tafki. Filin da ruwa ke janyewa ya bari shi ne kuma inda ciyawar burgu ke fitowa, wadda makiyaya ke dogara da ita a ƙarshen rani. Da manoma suka shuke wurin, sai burtali da mashaya suka ƙuntata. Abin da a da ake yi bi da bi, wato manomi ya girbe Bafillace ya shigo da shanu su ci kara su bar taki, ya zama ana bukatar wuri ɗaya a lokaci ɗaya.

3.5 IYAKOKIN BUNƘASAR

3.5.1 Ruwan da Ba Manomi ke Iko da Shi Ba

Masu kula da madatsa suna tare ruwa ko su sake shi ne bisa bukatar wutar lantarki da lafiyar ginin. Tun 2013 ma wani kamfani mai zaman kansa, Mainstream Energy Solutions, ke gudanar da tashar. Kalandar manomi ba ta cikin wannan lissafi. In ruwa ya dawo da wuri sai ya cinye shinkafar da ke gefen tafki tun ba ta nuna ba, in ya ja da sauri kuma sai kuɗin fetur da tiyo ya ƙaru. Ga kuma ambaliya, kamar ta 2012 da ta 2020. A ta 2020 rahotannin da aka bayar sun ce kimanin hekta 450,000 na shinkafa ne suka lalace a Jihar Kebbi. Dokar kafa hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa, wato HYPPADEC, ta samu tun 2010, amma sai bayan shekara goma hukumar ta fara aiki. Haka nan madatsar Kandaji da Jamhuriyar Nijar ta ƙaddamar da aikinta a 2008 tana kan wannan kogi ne ta sama, kuma duk abin da aka tare a can zai shafi baƙin ruwan da ke isowa nan.

3.5.2 Tsadar Kayan Aiki

Ƙwarya ba ta shan mai, inji kuwa sai da shi. Litar fetur da ke kwabo 20 a 1982 ta koma Naira 11 a 1994, Naira 97 a 2012, da Naira 145 a 2016. Bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, ta kai Naira 617 a watan Yuli na shekarar, ta kuma haura Naira 1,000 a Oktoba 2024. Gaskiya ne darajar Naira ta faɗi a tsawon wannan lokaci, kuma farashin amfanin gona shi ma ya hau, amma manomi yakan sayi mai ne tun watanni kafin ya ga kuɗin amfaninsa. Shinkafar rani ta fi jin jiki, domin ta fi albasa shan ruwa nesa ba kusa ba. Abin takaici shi ne, ruwan da ke ba birane wuta shi ne ake ja da injin fetur a ƙauyukan da yawansu ba su da wutar. Wasu manoma sun juya injinansu zuwa gas ɗin girki, wasu sun koma masu aiki da hasken rana, sai dai kuɗin sayen na biyun ya fi ƙarfin ƙaramin manomi in ba da tallafi ba.

Labarin taki ma haka yake. Lambun da ke saman gaɓar tafki ba ya samun sabuwar laka kowace shekara kamar na tsibiri, don haka sai da takin zamani. An cire tallafin taki a 1997, aka dawo da kashi 25 cikin ɗari a 1999. Shirin takin shugaban ƙasa na ƙarshen 2016 ya sa buhu a kan Naira 5,500, amma zuwa 2024 farashin kasuwa ya ninka haka fiye da sau biyar. Shi kuma shirin rancen Babban Banki ya gamu da matsalar rashin biyan bashi, kuma sababbin shugabannin bankin sun janye daga irin waɗannan shirye-shirye a ƙarshen 2023.

3.5.3 Ajiya da Farashi

Albasa ba ta da haƙurin ajiya kamar dawa. Kowa yakan kwashe tasa ne tsakanin Fabrairu da Afrilu, kasuwa ta cika, farashi ya karye. Wanda ya zuba a rudu don ya jira tsadar ƙarshen damina, yakan tarar zafi da danshi sun ruɓar da kaso mai yawa. Ke nan ƙarin amfani ba kullum yake zama ƙarin kuɗi ba. Kasuwar kuma tana nesa, kuma abin da ya faru a can yakan dawo kan manomi, kamar yadda aka gani a 2021 lokacin da 'yan kasuwar arewa suka dakatar da kai kayan abinci kudu saboda rikicin da ya shafi mutanensu. Ita ma shinkafa darajarta na rataye ne a kan manufar shigo da kaya, wadda gwamnati ta sassauta a watan Yuli na 2024 ta hanyar ɗage harajin wasu kayan abinci na tsawon kwana 150.

3.5.4 Gajiyar Ƙasa

Filin da tiyo ke iya kaiwa siriri ne, kuma an riga an rabe shi. Duk gadon da aka raba sai lambu ya ƙara ƙanƙancewa. Maimaita amfani iri ɗaya a wuri ɗaya ba hutu yakan tara ƙwari da cututtukan ganye, manomi ya ƙara feshi, maganin kuma ya gangara cikin ruwan da ake sha ake kuma kamun kifi. Tsuntsayen jan-baki da dorinar ruwa su ma suna ɓarna a gonakin shinkafa. Yawan shiga ruwa kuma yana tare da ciwon tsargiya da zazzaɓin cizon sauro.

3.5.5 Tsaro da Sufuri

Noman rani yana bukatar mutum ya je lambunsa kusan kullum. Hare-haren 'yan bindiga da suka addabi wasu ƙauyukan Shanga da Ngaski, waɗanda suka fito fili da sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a ranar 17 ga Yuni, 2021, sun sa mutane barin gonakin tudu suna matsowa bakin ruwa da cikin gari, inda dama wurin ya cika. Hanyar ruwan ma ba ta da tabbas. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya ɗauko mutane fiye da ƙima daga Jihar Neja ya nutse kusa da Wara, mutane fiye da 100 suka rasu ko suka ɓace.

3.6 NAƊEWA

A wannan babi an ga cewa noman rani ba baƙo ba ne a ƙasar Yawuri, domin Gungawa sun daɗe suna yin sa a tsibiransu. Madatsar Kainji ta raba su da ƙasar da suka saba da ita a 1968, ƙaramin injin ban-ruwa kuma ya ba su da maƙwabtansu damar sake kafa sana'ar a kan sabuwar gaɓa, tare da taimakon arhar mai da taki da kuma kasuwar kudu. An ga yadda wannan ya kawo kuɗi da sana'o'i, ya kuma sassauta gandu, ya tsananta neman fili, ya ƙara wa Hausa ƙarfi a kan ƙananan harsunan yankin.

Abin da ya fito daga bayanin shi ne, iyakar noman ta tashi daga ƙarfin hannun manomi ta koma kan abubuwan da ake yanke hukuncinsu a Kainji da Abuja da Legas. Ruwa bai ƙare a tafkin ba, gwaninta ma ba ta ƙare ba. Bisa ga wannan, mai wannan bincike na ganin cewa abin da yankin ya fi bukata shi ne a riƙa sanar da manoma jadawalin tarewa da sakin ruwa tun kafin shuka, a kai wuta ko injinan hasken rana ƙauyukan gaɓa, a inganta rumbunan ajiyar albasa, a kuma shata burtali da mashaya tare da sarakunan gargajiya da shugabannin makiyaya. A babi na huɗu za a nazarci kalmomi da karin maganganun da suka danganci noman rani da su a Hausar Yawuri.